Ƙugiya Biyu a Bangon Layinmu

Kafin in ce komai, bari in amsa wa masu yi mini faɗa a ƙasan rubutuna na baya. Na ga wadda ta ce ni sakarya ce, na ga wanda ya ce soyayya ce ta rufe mini ido. Ban yi musu ba. Amma ku da kuke gida, kuna jin Hausa ta gabas da ta yamma, ba za ku gane yadda mutum ke zama ba idan ya shekara uku a garin da ba mai jin yarensa. Hausata ta koma mini kamar ɗakin da ni kaɗai ke riƙe da makullinsa. A cikin bas nake ce wa mai taka mini ƙafa "Allah ya shirye ka, mai ƙaton kai," ina murmushi, shi ma ya mayar mini da murmushi. Na saba in buɗe baki a ko'ina in faɗi abin da ke raina, ba na ko waiwaye. Wannan sabon ne ya kai ni inda zan ba ku labari yau.

A gida Auta ake ce mini. A nan ba wanda ya san sunan. Abokan aikina sun gutsure sunana na yanka sun bar rabinsa, Madam ɗin da nake wa aiki kuwa "ke yarinya" kawai take cewa da yarensu. Gidan wanki da guga ne, ɗan ƙarami, injin wanki biyar a jere da teburin guga uku. Nawa ne na bakin taga. Daga ƙarfe bakwai na safe nake tsaye cikin tururi, ina bi ta kan rigunan ma'aikatan ofis da zannuwan gadon otal da labulen mutane, har 'yan yatsuna sun yi kanta. Idan na ɗaga kai, abin da nake gani shi ne dogon bangon wani tsohon sito a ƙetaren titi.

Yayata ce ta fara zuwa ƙasar nan da aure, mijinta kuma, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya yi mini takardu na biyo ta. In kun gan shi a taro sai ku ce a ba ku irinsa. Fara'a har kunne, gaisuwa har ƙasa, kowace Juma'a sai ya kira Ummanmu ya tambayi ciwon ƙafarta. A cikin gida kuwa fasfo ɗin Yaya na cikin akwatinsa, wayarta sai ya gama dubawa, in zai fita ya kulle ƙofa ta waje. Na bar gidan na kama ɗaki ne saboda na gaji da jin abin da bango ba ya iya tarewa. Ranar da na ɗaga hannun rigar Yaya na ga shatin yatsu biyar, ga ta da ciki wata biyar, ranar na daina yi mata nasihar haƙuri.

Wata biyu ke nan da muka fitar da ita. Doguwa, abokiyar aikina mai tuƙa motar kai kaya, ita ta kwantar da Yaya a bayan mota tsakanin labule, muka kai ta gidan wata tsohuwa da muke wanke wa labulenta. Tsohuwar ba ta da kowa, kunnenta ma ya yi nauyi, ɗakin baya kuma yana zaune a banza. Mu uku muka san wurin, ni da Doguwa da tsohuwa mai labule. Lauyar da ke taimaka wa Yaya ta ce saura kwana tara a zauna a kotu, ta ce kafin nan ko inuwarta kada ya gani.

Ko Umma ba ta sani ba, don Umma ba ta iya riƙe magana in dai Injiniya ne ya tambaya. Kullum sai na wayi gari da saƙon muryarta.

"Auta, ki ji tsoron Allah. Mutumin nan shi ya kai ki inda kike. Ya ce yana kuka, ya ce ya rame. In kin san inda yayarki take ki faɗa, kada ki kashe mata aure da ciki a jikinta."

Sai na Baffa ya biyo baya, gajere kamar kullum: "Ki kira ni." Ba na kira. Ina saurara, in goge hawaye da bayan hannu, in kunna dutsen guga.

Mako uku bayan ɓoye Yaya, wata safiya na ɗaga kai na ga tsani jingine da bangon siton nan, wani mutum a kai yana shafa farin fenti. Dogo ne, baƙi, da hula ya juya bakinta baya, wandon aikinsa kuwa babu kalar da ba ta ɗiga a kai ba. Da rana ya shigo shagonmu da wata riga a hannu, ya tambaya ko fenti na fita. Da ya yi murmushi na ga wushirya, sai na ji gabana ya ɗan faɗi. Fuskarsa ta yi mini kama da ta mutanenmu, don haka na gwada shi.

"Sannu da aiki," na ce da Hausa.

Ya kalle ni kamar tari na yi. Ya ce da yaren garin, "Me kika ce?" Ya ce shi a nan aka haife shi, iyayensa daga wata ƙasa mai nisa suka zo, kuma ko kalma ɗaya ta yarensu ba su bar masa ba. Har tausayinsa na ji, wallahi.

Na ajiye lambarsa da suna Fenti. Akwai wani benci a gindin bangon, a nan muka riƙa zama lokacin hutun rana, ni da burodina da shayi a 'yar butar ƙarfe, shi da gwangwanayensa. Ba shi da yawan tambaya, abin da ya fara burge ni ke nan. Bai taɓa cewa ina 'yan uwanki ba, bai taɓa cewa zan raka ki gida ba. Sai dai ya kawo mini man shafawa don hannuna, ko ya zana ni a bayan takardar burodi da ƙaton hanci in bi shi da duka. Saƙonsa na safe kullum ɗaya ne: "Na ga tururi a taga, ashe kin iso." Mace mai shekara ashirin da shida da ba wanda ya tambayi ya ta kwana tun da ta zo ƙasar nan, ku gaya mini me kuke so ta yi.

Hutun ranar nan kuma shi ne lokacin da nake kiran Yaya. Minti talatin ne, ba ni da wani. Sai in zauna kusa da shi in sa waya a kunne in saki baki, shi yana gauraya fenti yana fito. In na gama ya ce, "Yarenku da daɗi, kamar waƙa," in yi dariya.

A hankali zanen ya fito. Wata mata ce ta ba da baya, da mayafi ruwan toka irin nawa, jaka a hannu, tana fuskantar dogon layi mai ƙofofi a rufe. Mutane suka fara tsayawa suna ɗaukar hoto. Doguwa ta dungure ni ta ce, "Bayanki ne wannan, ko a duhu na san shi." Na ce ta kama gabanta, amma ranar har na ƙona wuyan rigar wani saboda kallon taga.

Makon jiya ya ce yana son ya rubuta wani abu a saman kan matar, da yarena. Ya ce in zaɓi maganar da zan so a gaya mini ranar da na fara sauka a garin nan. Na yi tunani, Yaya ce ta faɗo mini a rai. Na ɗauki waya na rubuta masa:

"Kada ki karaya, bakuwa. Da sauran karfi."

Haka na rubuta, ku duba da kyau. Ku ma kun sani, wa ke wahalar neman ƙugiya a waya? Kowa k yake bugawa ya wuce, mai karatu ya gane da kansa. Ya tambayi ma'anar, na fassara masa, ya ce ta yi kyau.

Jiya Talata, da na kira Yaya, na ji muryarta a sanyaye. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta ce ta gaji da kallon bangon maƙwabta, don tagar ɗakinta baya take kallo.

"Auta, kin san wata biyu ina gidan nan ban san kamannin ƙofarsa ba? Da labule a kaina na shigo. Don Allah ki ba ni labarin layin, in ji kamar na fita."

Ni kuma uwar iyayi, sai na gyara zama. Na ce mata sunan layin in an juya shi da Hausa Layin Maƙera ne, muka yi dariya don ko maƙeri ɗaya babu. Na ce in an sauka daga bas a gindin gada, sai a wuce kantin magani mai koren allo, a wuce mai gyaran kekuna. Na ce gidanku shi ne lamba arba'in da bakwai, ƙofarsa shuɗiya, ku kuna hawa na uku, kuma tsohuwa ta jera tukwanen fure a taga kamar mai sayarwa. Yaya tana ta dariya tana cewa ƙara, ƙara. Na ce gobe Laraba zan kawo mata kayan jaririn da na saya. Fenti yana gefena, yana juya shuɗin fenti da sanda, yana fito.

Yau da safe na fito da kwalliyata, don ya ce yau zai gama rubutun. Na sa doguwar rigata baƙa mai ɗinkin zare ja a hannu, na yafa mayafin nan ruwan toka, har da ɗan kwalli. Kayan jaririn na wanke su da kaina na goge, riguna shida da 'yan safa da tawul mai kunnen zomo, na jera su a jakar shagonmu mai tambari. Duk safiyar ya rufe saman bangon da leda, wai kada in leƙa. Ƙarfe ɗaya na ɗauki jakar da butar shayina na tsallaka titi.

Ya hau tsani ya yaye ledar, ya buɗe hannu kamar mai jiran tafi. Manyan haruffa ne farare, kowanne ya kai tsawon hannuna:

KADA KI KARAYA, BAƘUWA. DA SAURAN ƘARFI.

Hawaye ne suka fara zo mini. Shekara uku ban ga Hausa a rubuce a ko'ina ba sai a wayata, yau ga ta a bangon garin mutane, kowa na wucewa yana ɗaga kai. Har na ce a raina, kai, da malaminmu na Hausa na aji uku zai ga wannan da ya yi murna, shi da yake dukanmu a tafin hannu in muka manta ƙugiya.

A nan tunanina ya tsaya cak.

Na sake karantawa. Na zaro waya na buɗe saƙon da na tura masa. K biyar ne a maganar, duka biyar ɗin kuma ba ƙugiya na tura su. A bango kuwa biyu sun sami ƙugiya, ta baƙuwa da ta ƙarfi, sauran ukun an bar su yadda suke. Karaya da ƙarfi, farkonsu iri ɗaya ne a ido. Ba mai raba su sai wanda kunnensa ya san bambancinsu tun yana goye.

Na ce wa kaina, Auta ki natsu. Wataƙila ya sa maganar a waya ta gyara masa. Wataƙila ya tambayi wani. Na riƙa addu'a a zuci, Allah ka sa ya ce waya ce, Allah ka sa ya ce waya ce. Da ya faɗi haka da na yarda, da gudu ma.

Ya sauko yana goge hannu da tsumma. "Ba ki ce komai ba. Bai yi ba?"

"Ya yi kyau sosai," na ce da yaren garin, ina ƙoƙarin daidaita murya. Na nuna da yatsa. "Wannan ɗan lanƙwasan fa, na kan harafin can? Ban tura maka da shi ba."

Ya ɗaga kai ya kalla. Sannan ya ɗaga kafaɗa.

"Ado ne kawai," ya ce. "Na ga wurin ya yi fili, sai na ɗan ja masa jela. In ba kya so in goge."

"A'a, bar shi. Wancan na biyun ma ado ne?"

"Shi ma."

Ya yi murmushin nan mai wushirya, ni ma na yi. Ban san yadda na yi ba. Duk abin da na taɓa faɗa a kan bencin nan ya riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ce wa Yaya lauya ta ce kaza. Ranar da na zagi Injiniya tun daga kakansa. Ranar da na ce, "Yaya, ina jin fa na kamu, ga shi nan kusa da ni kamar gunki, bai san ina maganarsa ba." Ashe duk yana ji. Sannan jiya ta faɗo mini, gada da kantin magani da shuɗiyar ƙofa da lamba arba'in da bakwai, ni da bakina.

"Madam na kirana," na ce, ko shayin ban buɗe ba.

"Hutunki bai ƙare ba ai."

"Aiki ya yi yawa yau."

Na tsallaka titi ban duba mota ba, har wani ya danna mini oda. Ina shiga na tarar Doguwa ta fita kai kayan otal, motar ba ta nan. Na ce wa Madam cikina ke ciwo, zan tafi. Ta kalle ni ta saman tabarau ta nuna wani mutum da ke tsaye a kanta yana duba agogo.

"Rigunansa takwas. Ki gama su ki tafi duk inda za ki."

Ban taɓa guga irin ta yau ba. Ina guga da hannu ɗaya, ɗayan yana kiran Yaya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san halinta, takan bar wayar a ɗaki ta je falo taya tsohuwa tsinke zare, amma yau kowace ƙara sai na ji ta a haƙorina. A riga ta biyar na ɗaga kai na kalli taga. Tsanin na nan, gwangwanayen na nan a buɗe, shi da ko ruwa zai sha sai ya rufe su. Babur ɗinsa ba ya inda yake ajiye shi. Na kalli benci, butar shayina ce kawai a kai. Jakar kayan jaririn da na manta a wurin ta tafi.

Na ajiye dutsen guga a kan rigar mutumin na fita. Na ji Madam na ƙwala mini kira, na ji warin ƙuna, ban juya ba.

Bas biyu ake hawa kafin a kai Layin Maƙera. Na farkon ya tsaya a kowace tasha kamar da gayya, wata mata ta ɗauki shekara tana shigo da keken jaririnta. Na tura wa Yaya saƙo: "Kada ki buɗe wa kowa. Kowa fa." Alama ɗaya ta nuna, ba a karanta ba. Na kira Doguwa, ta ce tana can ƙarshen gari, ko ta taho yanzu sai ta yi minti arba'in. Na kira lauya, wata murya ta ce in bar saƙo.

Ina cikin bas na biyu Umma ta kira. Ban taɓa ɗaukar kiranta a lokacin aiki ba, amma yau na ɗauka. Muryarta fes, rabon da in ji ta haka tun kafin Yaya ta gudu.

"Auta, alhamdulillahi! Injiniya ya kira ni ɗazu. Ya ce in kwantar da hankalina, magana ta zo ƙarshe, in Allah ya yarda yau matarsa a ɗakinta za ta kwana."

"Umma, ya ce ya san inda take?"

"Ya ce yau za a gaya masa. Wai akwai wani ɗan yayarsa da ya taso a can wani gari, shi ya sa ya taya shi nema. Kin ga ɗan halak, ba irinki ba da kika iya rufe baki ki bar uwarki cikin zullumi."

"Umma, dukanta yake yi. Na gaya miki dukanta yake yi."

"To ai ya ce ya daina. Ke dai ki yi addu'a."

Na kashe wayar. Ban taɓa kashe wa Umma waya ba a rayuwata, Allah ya yafe mini.

Na sauka a gindin gada na kama gudu, mayafina na zamewa ina ja. Na wuce kantin magani mai koren allo, na wuce mai gyaran kekuna, ina bin kwatancen da na yi da bakina kamar yadda shi ma ya bi. Azahar ta wuce, layin shiru, wata mata na shanya a baranda. Na duba ko'ina ban ga baƙar motar Injiniya ba, har na fara sauke numfashi. Sai na hango babur a jikin sandar fitila, daidai lamba arba'in da bakwai, da ɗigon shuɗin fenti a kan tankinsa. Na taɓa injin, da sauran zafi.

Matakalar gidan ta katako ce, kowane taku sai ta yi ƙara. A hawa na biyu na cire takalmana na riƙe a hannu, ban san amfanin hakan ba, jikina ne kawai ya ce in yi. Na yi zaton zan ji ihu, ko kuka, ko ƙarar faɗuwar kaya. Abin da na ji ya fi su tayar mini da hankali. Dariyar Yaya ce, irin wadda take yi har da buga cinya, wadda rabona da ita tun muna gida.

Tsohuwa mai labule ce ta buɗe, fuskarta cike da murna. Ta nuna mini jakar shagonmu a kan kujera, ta ce da ƙarfi irin na masu nauyin kunne, "Kin manta kayanki, abokinki ya kawo. Yaron kirki!" Tambarin jakar ta gani ta buɗe masa.

Yaya na zaune a doguwar kujera da zanen atamfarta da ƙatuwar rigar sanyin tsohuwa, ƙafafunta a kan matashi, tawul mai kunnen zomo a cinyarta. Idonta har da ƙwalla don dariya.

"Auta! Ashe haka kike da zurfin ciki? Kullum Fenti, Fenti, ba ki taɓa ce mini ɗan gida ba ne. Wallahi da ya yi sallama ya ce 'Yaya ina wuni, ya jiki,' sai da na ji kamar an buɗe mini taga. Wata biyu ban ji Hausa a bakin kowa ba sai ke."

Fenti yana zaune a kujerar da ke kusa da ƙofa, tsakanina da ita. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa kamar mai neman aure a gaban iyaye, farin fentin haruffan nan bai gama bushewa a yatsunsa ba. Ya ɗago ya kalli takalman da ke hannuna, sannan ya kalle ni.

"Sannu da zuwa, baƙuwa," ya ce.

Ƙ ɗin ta fito daga can cikin maƙogwaro, tsaf, yadda Umma ke faɗinta.

Na buɗe baki zan ce Yaya tashi. A lokacin ne wayarsa da ke kan tebur, kusa da kofin shayin da tsohuwa ta ba shi, ta kawo haske ta fara rawa. Daga inda Yaya take ba ta ganin fuskar wayar, ni ina gani. An rubuta Kawu, a ƙasan sunan kuma hoton Injiniya ne da farar shaddarsa, yana murmushin nan nasa na taro.

Fenti bai ɗauka ba. Ya sa yatsa ɗaya ya juyo da wayar ta fuskance ni sosai, ya rage murya yadda Yaya ba za ta ji ba.

"Kira na bakwai ke nan tun da na baro bango. Ban gaya masa lambar gidan ba tukuna." Ya janyo kujerar da ke gefensa da ƙafa. "Rufe ƙofar, Auta. Zauna mu yi magana kafin ya kira na takwas."

Yaya ta ɗaga 'yar safa ɗaya sama tana dariya, ta ce, "Ke Auta, wannan ai ko babban yatsana ba zai shiga ba."

Na mayar da hannu baya na rufe ƙofar.